Fankar Surukina da Barkonon Matata

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na sa surukina atishawa a gaban mutane, har hularsa ta faɗi.

Alhaji, mahaifin matata Bilkisu, yana gina gidan biredi a nan Daura, ni kuma ina harin kujerar manaja. Bai ce zai ba ni ba, bai ce ba zai ba ni ba. Sai ya damƙa mini aikin karɓar manyan fankoki biyu daga Kano, irin waɗanda ake kafawa a bango su zuƙe zafi da hayaƙi su fitar waje. Na san gwaji ne, na kuma san zan ci.

Da yake ba a sa wa ginin ƙofofi ba, sai na sa aka sauke su a gidana. Mai shagon ya ja mini kunne a waya: a bar su cikin ledarsu da akwatinsu, a tsaye, kada a ɗora musu komai. Na ce masa to. Ina kashe wayar na ɓalle akwatunan (wa zai ajiye irin wannan kaya a rufe, baƙi ba su gani ba?), na kwantar da su a tsakar gida suna ƙyalli.

Bilkisu ta dubi ragar ƙarfen da ke fuskar fankar, faffaɗa, iska na ratsa ta sama da ƙasa, ta ga babu abin shanya kamarta. Ta baza barkononta a kai. Na gani da idona, na ce ai ƙarfe ne, me barkono zai yi masa? Ban yi tunanin abin da ke zubewa ciki ba.

Ranar kafawa, aka kai fankokin gidan biredin, Alhaji ya zo da aminansa da limamin unguwa don a sa albarka. Mai haɗa wuta yana shirin ɗora fanka a bango, na tare shi.

"Dakata, bari su Baba su ga ƙarfinta tukuna."

Ni da kaina na jingine ta, na juya bakinta saitin tabarmar manya. Liman ya ɗaga hannu ya fara addu'a, ni kuma na danna makunni ina murmushi.

Jama'a, jan gari ne ya taso kamar an watsa da faranti. Liman bai kai ƙarshen addu'ar ba. Dattawa suka shiga tari da hawaye, wani na laluben takalmi, wani na salati. Alhaji ya yi atishawar da ta tunkuɗe hularsa, ta gangara har gaban ƙafata. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Da aka kashe fankar, ya share ido ya dube ni.

"Wa ya yi shanya a kan kayana?"

To, in ce 'yarsa, a gaban aminansa? Na durƙusa na miƙa masa hular.

"Ni ne, Baba."

"Kai ne ke shanya barkono?"

"Ni ne."

Ya daɗe yana kallona, hanci ja wur. Sannan ya sa hularsa ya ce, "To, manaja, ka gaida mai shanyar. Ka ce mata uwarta ma a kan injin ban-ruwana take yi."

A haka na ji an kira ni manaja karon farko, ina durƙushe, majina na zuba.

Yanzu duk kayan da aka kawo mana, a ledarsu suke kwana, a tsaye, a ɗaki mai kwaɗo. Makullin kuwa ko Bilkisu ba ta san inda nake ɓoye shi ba. In kuma zan gwada fanka, bango nake nuna mata, ba suruki ba.