Miyar Kuka Ranar Azumi

Wani ne a wajejen Daura, ko a Dutsi ne ko a Babban Mutum, yanzu ya kwanta mini. Baki ya ja masa. Ya ce wa matarsa miya ba aiki ba ce, ruwa ne da gari. Ta ɗau mayafi ta tafi gidansu, ga shi cikin azumi.

Da ya je biko, surukinsa Malam Zailani ya ce, "Gobe a gidanka zan sha ruwa. Ka yi miyar da hannunka. In ta ciwu, matarka ta dawo."

Bayan azahar gogan naka ya hura wuta. Ya jefa daddawa da barkono da albasa, ya sa busasshen kifi, ya kaɗa kuka da maburgi, ya tuƙa tuwon dawa. Ƙamshi ya cika gida. Ya kai ludayi baki, sai ya tuna da azumi. To wa zai ɗanɗana gishiri?

Ya leƙa katanga ya kira Iya Shatu, tsohuwar da shekaru suka sauke wa azumi. Ta zo ta kurɓa.

"Ɗan nan, gishiri bai ji ba."

Ya ƙara. Ta tsamo kan kifi ta tsotse.

"Ya kusa. Amma harshena ya tsufa, sai na maimaita."

Hankalinsa bai kwanta da tsohon harshe ba. Ya fita bakin hanya, ya tarar da wani mai babur da ya taso daga Mashi zai wuce Kano, yana shan ruwa a inuwa.

"Malam, matafiyi ne kai?"

"Ƙwarai."

"Alhamdu lillahi! Zo ka taimaki ɗan'uwanka Musulmi."

Mai babur ya tsuguna, ya kurɓa, ya ɓata fuska.

"Gishiri ya yi yawa. Amma ba a yi wa miya hukunci ita kaɗai. Kawo tuwo."

Ya kawo malmala. Iya Shatu ta ce, "Kai yaro, ina ka san miya? Ni na ce bai ji ba. Miƙo mini tawa malmalar."

Gardama ta kaure. Wannan ya ce a ƙara ruwa, waccan ta ce a ƙara gishiri, kowa na kafa hujja da loma. Mai gida na tsaye yana haɗiyar yawu, yana cewa, "Ku dai ku yi adalci."

Da rana ta yi ja, mai babur ya suɗe hannu ya ce, "Iya, yanzu kam ya yi daidai."

Ta ce, "Ya yi, ɗana."

Ya tayar da babur. Ita kuma ta lallaɓa gida.

Ana kiran magariba sai ga sallamar Malam Zailani. Ya sha ruwa, ya yi salla, ya wanke hannu, ya gyara zama. Mutumin ya dire masa tukunya. Malam ya leƙa, ya ga gindinta na ƙyalli, ga ƙayar kifi a kwance.

"Kai, ina miyar?"

"Baba, miya dai ta ƙare. Amma gishirinta ya ji, ina da shaidu biyu."