Ranar da Rukayya ta sace mini ɗa a waya

Ko zan manta da komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar da na je wajen tela a Kwangila ba. Yarona yana rarrafe lokacin, sai na bar shi wajen Rukayya, maƙwabciyata a gidan hayarmu na Tudun Wada. Ɗalibar jami'a ce a Kongo, tana rubuta labarai, kuma ta sha ce mini wata rana za ta karanta mini ɗaya, tunda ni karatuna bai yi nisa ba.

Ina tsaye tela yana gwada ni, sai ga saƙon murya daga Rukayya, guda biyu. Ni da azarɓaɓi na danna na ƙasa. Sai na ji ta tana magana ƙasa-ƙasa:

"Na jira gidan ya yi tsit. Na goya yaron, na rufe shi da mayafi. Uwarsa ta yarda da ni, ba za ta zarge ni ba. Mutumin yana jirana a bakin titi."

A nan ya yanke. Na kira, waya a kashe. Ban san lokacin da na faɗa keke ba, da tef ɗin awon tela a wuyana. (Ni fa ko atishawa yaron nan ya yi sai na duba idonsa.) A hanya, duk macen da na gani da goyo sai na leƙa. Wane mutum? Wane titi? Ba abin da na sani sai abin da ta faɗa, ita kuma ta yi shiru.

Ɗan fari ne, kuma sunan mahaifin mijina ya ci, don haka Abba muke ce masa. Ko ɗaukarsa ba na yi a gaban manya. Amma ranar tun daga zaure nake kwarara ihu da sunansa na yanka: "Sulaimanu! Sulaimanu!"

Na bankaɗe labulen Rukayya. Ga ta zaune tana yankan alayyahu. Ga surukata, Hajiya, ta zo duba mu. Ga Abba a cinyarta yana tsotsar murfin kofi. Na zauna a ƙasa ina hamdala.

Da Rukayya ta gane abin da ya faru, dariya har da hawaye. Wai saƙon farko shi ne bayanin cewa labarinta ne, cajin wayarta ya ƙare bayan ta tura. Wai da farko ta rubuta shi a kan wata mata can, malaminsu ya ce ba ya tayar da hankali, ta sa matar ta faɗa da bakinta, yadda mai sauraro ba zai ga komai ba sai abin da ita ta nuna masa. Har da tambayata ko ya yi aiki.

Hajiya ta gyara wa Abba zama, ko kallona ba ta yi ba.

"Duk zamana da mai sunan nan ban taɓa kama sunansa ba," in ji ta. "Ke ga shi har bakin titi an ji. Sannu, 'yata. A ba ta ruwa."

Da ƙasa ta tsage, da na shige.

Abin da na koya dai: in mutum ya ce "ni" a labari, a fara tambayarsa wace "ni" ɗin. Har yau ina jin labaran Rukayya, gabana na faɗuwa kamar kullum. Amma sai na ɗaure nawa yaron a baya tukuna nake dannawa.