Dolores Ta Daina Tari

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Marlys Petrak, matar marigayi Wendell Petrak, nake sanar da dangi, maƙwabta da duk masu tsofaffin motoci na garinmu rasuwar Dolores, jar motar nan 'yar shekarar alif ɗari tara da sittin da tara mai silinda takwas, wadda ta cika da hantsin wata Asabar a garejin bayan gidanmu.

Wanda ya ganta jiya a gidan mai tana sheƙi, kada ya ce na zautu. Gangar jikin tana nan garau, har gudunta ya fi na da. Amma Dolores kam ta tafi.

Marigayiyar ta riga ni shiga gidan Petrak. Wendell ya saye ta yana saurayi, a cikinta ya nemi aurena, a cikinta muka ɗauko 'yarmu daga asibiti. Ba ta taɓa yasar da mu a hanya ba, ko a dusar ƙanƙarar jiharmu ta Michigan. Shan mai kuwa, ba a tona asirin mamaci. Abin da kowa ya san ta da shi shi ne muryarta. In aka kashe ta ba ta mutuwa nan take, sai ta ce "kuf, kuf", ta ɗan dakata kamar mai tunani, sannan ta saki dogon numfashi, "haaa".

Wendell ne ya ba ta wannan tari. Bai yarda da fitilar da makanikai ke saita lokacin tashin wutar inji da ita ba, da kunne yake aikinsa. Sai ya zaunar da ni a kujerar direba, ƙafata a kan totur, ya sassauta notin distributa, abin nan mai rarraba wuta a inji, ya kara kunne dab da inji yana murɗawa kaɗan-kaɗan, har wuta ta riƙa tashi da wuri fiye da yadda masu littafi suka ce. Ranar ƙarshe da ya yi haka, ya ɗaure notin, ya ari jan farcena ya ɗiga alama a gindin distributar, ya ce, "Nan take so, Marlys. Kada ki bar kowa ya koya mata ladabi." Bai ga bazara ta gaba ba.

Mahaifiyarsa, Mama Opal, tana gidan tsofaffi, ta haura casa'in, idanu sun tafi, tunani yana zuwa yana komawa. Mun gaya mata rasuwar ɗanta, ta yi kuka kamar ranta zai fita, washegari ta tambaye mu ina yake. Muka sake gaya mata, ta sake binne shi. Daga nan na ce wallahi ba da bakina ba kuma. Sai na riƙa ɗaukar Dolores duk Lahadi bayan coci, in tsaya ƙarƙashin tagar Mama, in murɗa makulli. Kuf, kuf, haaa. Kafin in hau bene har ta gyara zama.

"Ga ɗan banzan nan ya iso," in ji ta. "Har yau bai gyara akwalar nan ba? Yana ƙarƙashin bonet ko? Ƙyale shi, ubansa ma haka yake."

Ranar takan cinye abincinta tas. Ban taɓa yi mata ƙarya ba, Dolores ce ke yi mana magana. Ni kaina in ta gama numfashin nan, nakan zauna ina jiran ƙofar ɗaya gefen ta buɗe, kuma ba na yarda in waiga.

Ciwon ajali ya fara ne da ƙwanƙwasa. In muna hawan tudu sai in ji ƙwas-ƙwas-ƙwas daga cikin inji, kamar wani na buga ƙofa daga ciki yana neman a buɗe masa. Floyd Nyquist, aminin Wendell tun suna yara, ya saurara ya girgiza kai.

"Marlys, man yanzu ba irin na da ba ne. Wutar nan ta yi gaba da yawa. In ba a ja ta baya ba, fistin zai huje, ki rasa ta ɗungurum. Sannan da me za ki je wa tsohuwa?"

Na ce to, a taɓa kaɗan. Floyd ya cire hularsa kafin ya ɗaga bonet. Ya jiƙa tsumma da fetur ya goge maiƙon gindin distributa don ya ga abin da yake yi, ya ɗauko fitilarsa. Tana walƙiya fal-fal-fal a cikin duhun injin, ina daga kujerar direba ina leƙe ta ƙasan bonet, na ga kamar hannaye sun fi biyu. Ba dai zan rantse ba. Ya gama jan wutar baya, ya ce in kashe. Na murɗa makulli, ta ɗauke ɗif. Ba tari, ba numfashi. Sai a lokacin muka ga ja-ja a jikin tsumman. Alamar Wendell ta bi fetur.

Washegari na tsaya ƙarƙashin taga, Mama ko kai ba ta ɗaga ba. Floyd, bawan Allah, ya yi mako guda a garejina yana murɗa gaba yana murɗa baya, har ya samo wani tari mai kama da na da. Ni dai ya kusa ruɗa ni. Lahadi na kai ta, na kashe, na hau bene da ƙarfin gwiwa. Na tarar da Mama ta juya fuska wajen taga, hannayenta a kan cinya.

"Wannan ba shi ba ne," ta ce. Can kuma, a hankali, "Marlys, 'yata, yaushe kuka binne shi?"

Ba ta yi kuka ba. Wannan karon kuma ba ta manta ba.

Marigayiyar ta bar Mama Opal, wadda yanzu sai an lallashe ta take kai cokali baki. Ta bar ni. Ta bar Floyd, da ya kasa haɗa ido da ni, alhali Allah ya sani ba na riƙe da shi, rai ya zo ceta. Ta bar sifana guda da babban yatsan Wendell ya goge har tana ƙyalli, da tabon baƙin mai a simintin gareji, da tsumma mai ɗigon ja.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi bayan coci. Za a tura Dolores da hannu daga kwanar layin gidan tsofaffi zuwa maƙabarta, Floyd ne zai riƙe sitiyari. A can za a binne tsumman wajen ƙafafun Wendell. Akwai kofi da burodi da nama a ɗakin ƙasa na coci. Ba a buƙatar furanni.

Masu zuwa da tsofaffin motoci, don girman Allah ku kashe su tun daga nesa, ku ƙaraso da ƙafa. Tagar Mama a buɗe take, kuma duk injin da ya mutu a layin nan sai ta ɗaga kai ta jira abin da zai biyo baya, duk da ta sani. Ni ma haka nake yi.