Tayar da Kaka Ya Ɓoye

"Lafiya lau, sai gajiya. Ina fatan ban tarar da kai kana gyangyaɗi a kan aikin mutane ba, tsohon angona," Auta ta ce wa kakanta.

"Gyangyaɗi? Ni da nake jiran amaryar da ta gudu a kan keke? Dube ki, rana ta mayar da ke gawayi. Na fasa auren."

Kwana huɗu ke nan da Auta ta shiga tseren keke na dogon zango, kuma ita ce ta biyu. Dokar gasar mai tsauri ce: kowa ya ɗauki nauyin kansa. Ba a yarda dangi ko aboki su tanadar wa ɗan tsere komai ba. Shagon da ke buɗe ga kowa kaɗai ake shiga, a yi wa mutum abin da za a yi wa kowa. Wanda ya karya doka, a soke sunansa. Sai ga shi hanya ta biyo ta ƙofar shagon kakanta, mai gyaran keke, daidai lokacin da gefen tayarta ta baya ya tsage.

A kan bencin waje Dogo ne zaune, wanda ke gabanta tun jiya, ya zuba tagumi. Tayarsa ta yi kaca-kaca, Kaka kuma ya ce masa babu irinta sai motar kaya ta iso da yamma.

Kaka ya ja Auta ciki, ya ɗage wani buhu da ƙafa. Ga sabuwar taya a ƙarƙashin teburin aiki, ko takardarta ba a cire ba. Auta ta ƙura mata ido. Minti goma kawai, ta zama ta ɗaya.

"Sadakinki ne," in ji Kaka a hankali. "Mako uku tana jiran ki."

"Sadaki a ƙarƙashin tebur? Ashe ɓarawo zan aura."

"Rufa mini baki, mai ƙafafu kamar sandar rake. Wa ya gani?"

"Ni na gani. Wancan bawan Allah ya riga ni zuwa?"

"Ya riga ki. To, sai me? Shi jikana ne?"

"Ka ce masa babu."

"Babu tasa, na ce a zuciyata."

"Ramin ƙarya ƙurarre ne, Kaka. In alƙalan gasa suka ji, wahalar kwana huɗu ta tashi a banza. In ba su ji ba ma, da wane ido zan dubi kofin?"

"Da waɗannan idanun naki na mujiya. Na gaba ya yi gaba, yarinya, na baya sai labari."

Ta dubi tayar, ta dubi agogon da ke hannunta. Ta san wasu uku na tafe a bayanta, ba su da nisa.

"Ka tuna ranar da kacar kekena ta tsinke, ina 'yar makaranta? Na yi ta kuka, ka ce in bi layi bayan mai kayan gwari. Ka ce a shagon nan ko uwarka ce ta zo, sai ta bi layi."

"Ban faɗa ba. Lokacin ina da haƙora, ba na magana irin wannan."

"Ka faɗa. Yau haƙoran ne suka zube ko gaskiyar?"

Kaka ya shiga murza sifana a hannu. Auta ta fito waje, ta kife kekenta, ta zaro allura da zaren ɗinkin takalmi daga jakarta, ta fara ɗinke tsagar. Sau biyu allurar ta soke ta.

"Wannan ɗinki ko buhun gawayi ba zai riƙe ba," in ji Kaka daga bakin ƙofa.

"A wurinka na koya."

Ya tsaya yana kallon ta, har ta ɗaure zaren. Sannan ya koma ciki, ya fito da tayar, ya ajiye a gaban Dogo.

"Samari, na duba da kyau. Ashe akwai guda."

Kafin Auta ta gama bugun famfo, Dogo ya yi godiya, ya ɗaga mata hannu, ya hau ya tafi. Ta bi bayansa da ido.

Sai Kaka ya fashe da dariya har da tari. "Kin ci ni, ja'ira. Na yi asarar taya, na yi asarar amarya. To, ko ruwa ba za ki sha ba?"

"Naka na gida? Doka ta hana."

Ya shiga, ya jawo jarkar ruwansa da ƙyar har bakin titi, ya ɗora kofi a kai.

"Na kowa da kowa ne. Bi layi."

Ta waiga dama da hagu, babu kowa. Ta sha kofi biyu, ta hau keke.