Ragon da Gwamnati Ta Ƙi Saya Mini

Yau da safe na hau matakala sittin da huɗu na unguwarmu ina jan rago, ragon shi ma yana ja na. Duk wanda ya leƙo ta taga sai ya ɗaga hannu ya ce, "Barka, Abu Laith! Kuɗin gwamnati sun iso ke nan!" Ni kuwa sai murmushi nake ina gyaɗa kai, gumi na shiga mini ido, don ba zai yiwu in tsaya a tsakiyar matakala in yi wa unguwa bayanin cewa da kuɗin gyaran firjin matata na sayi ragon nan ba. Ku masu karatu ba maƙwabtana ba ne, don haka ku zan gaya wa yadda aka yi.

Shekara goma sha tara ke nan ina tsaron ɗakin ajiyar kaya a wani kamfanin sayar da bututun ruwa. A duk tsawon shekarun nan, kafin albashina ya shigo hannuna, Mai Girma Sarkin Yankan Albashi, wato ofishin haraji, ya riga ya ɗauki rabonsa. Ban taɓa ganin fuskarsa ba, amma dole in yaba masa. Bai taɓa makara ba ko sau ɗaya. Bai taɓa cewa in je in dawo gobe ba, bai taɓa neman in kawo hoto huɗu da hatimi ba, kuma ranar yanka na'urarsa ba ta taɓa lalacewa. Da haka ake gyara mana titi, da tuni ragon nan a mota ya iso ƙofar gidana.

Wata biyu da suka wuce, Malama Maisun, mai lissafin albashi a kamfaninmu, ta kira ni ofishinta ta ce, "Abu Laith, kai ba ka neman a mayar maka da rarar harajinka ne?"

Na ce, "A mayar? Dama abin da ya shiga can yana fitowa?"

Ta ce yana fitowa. An buɗe shafi a intanet, ma'aikaci zai shiga daga wayarsa ya rubuta abin da ya kashe a shekara na haya da asibiti, a rage masa daga abin da aka yanka, a turo masa sauran. Ta danna 'yar na'urar lissafinta ta juyo mini da ita: dinari ɗari uku da arba'in. Na tabbata ta ƙara wata magana a kan rasit, don na ga bakinta yana motsi, amma a lokacin ni ƙamshin nama kawai nake ji.

Ban zarce gida ba. Shagon Abu Rakan mai aski na nufa, inda duk labarin da aka faɗa kafin la'asar yake isa kowane gida kafin magariba. Na zauna, na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, na sanar da su.

Abu Rakan ya ɗaga almakashi daga kan wanda yake yi wa aski ya ce, "Gwamnati za ta ba ka kuɗi? Kai? Tashi ka wanke fuskarka, rana ta buge ka."

"Haƙƙina ne. Ku da ba ku san doka ba ku zauna nan."

"To lauya, in sun ba ka ko rabin dinari, ni zan yi maka aski kyauta har ka mutu. Ba ma asara ba ce, gashin saura kaɗan."

Aka kwashe da dariya. Nan zuciya ta ɗebe ni. Na miƙe, na kama gashin bakina, na ce ranar Juma'ar farko ta watan jibi duk wanda yake shagon nan zai ci mansaf a gidana, wato shinkafa da nama a romon kindirmo, na rago sukutum, kuma da kuɗin gwamnati. Ku kun san mutumin da ya kama gashin bakinsa a gaban maza ya faɗi magana ya ja da baya, gara ya tattara kayansa ya bar unguwa. Mutum bakwai ne a shagon lokacin. Washegari da na fito, mutum talatin ne suka shaida mini cewa suna wurin.

Shafin harajin nan, in ba ku manta ba, an yi bikin buɗe shi a babban otal. Manya sun jeru da almakashi sun yanke kirtani, abin da har yau nake mamaki, don ban san ta ina ake ɗaura wa abin da ba shi da ƙofa kirtani ba. An ci, an sha, an ɗauki hoto, an ce daga yau talaka ya huta da layi. Na shiga da shirin in same shi a lalace in zo jaridar nan in yi ta zagi, sai ga shi yana aiki lafiya lau, abin haushi. Ya tambayi sunana da na ubana da na kakana, na ba shi. Ya tambayi haya, na rubuta. Ya tambayi asibiti, na rubuta, har da ɗan ƙari. Sannan ya fito da wani ɗan akwati ya ce in ɗora hoton rasit.

A nan ya kamata in gabatar muku da kaina sosai. Ni ne mutumin da duk unguwa ta sani da tambaya ɗaya: "In babu rasit fa, nawa?" Na yi wa likitan haƙori ita, na yi wa mai ɗaukar hoton ƙashi ita, na yi wa wanda ya duba gwiwar matata ita. Kowane ya rage mini dinari biyar, ni kuma in dawo gida ina taƙama kamar na ci gari da yaƙi. Har nasiha nake yi wa matasa a kai. Na taɓa cewa takarda ta marasa wayo ce, kuma Ummu Laith, matata, ba ta manta ba.

"Ina mai wayon?" ta ce, tana tsaye a kaina ina laluben aljihunan tsofaffin riguna. "Ba kai ka ce in daina tara shara ba?"

Ta shiga ɗaki ta fito da gwangwanin alewar da take ajiye allura da zare, ta zaro rasit biyu daga ƙasa: na tabaraunta, da na wani gwajin jini da ta je ita kaɗai ranar da nake wurin aiki. Na ɗora su. Shafin ya yi ɗan tunani ya ce ana bin gwamnati dinari goma sha ɗaya.

Wallahi a ranar na yi kewar tsohon ofishi, da layinsa da zafinsa. A can komai tsanani za ka samu wani a bayan tebur wanda gwaggonsa ta auri ɗan kawunka, ku gaisa, ku tambayi lafiyar tsofaffi, takarda ta wuce. Shafi ba shi da gwaggo. Na kira lambar da suka rubuta ta neman taimako, wata murya mai daɗi ta yi minti ashirin tana gaya mini kirana yana da muhimmanci a wurinsu, sannan ta kashe.

Saura haya, kuma ita ce ƙashin bayan kuɗin. Shekara goma sha huɗu muna zaune a hawa na biyu na gidan Alhaji Abu Galib, baffan matata, shi yana sama da mu. Duk ɗaya ga wata yakan sauko mu gaisa, in naɗe dinari ɗari biyu da hamsin a tafin hannuna in miƙa masa kamar musabaha. Kullum sai ya ce, "Haba ɗana, bar shi mana," yatsunsa kuma suna rufewa a kai. Takarda ba ta taɓa shiga tsakaninmu ba. Neman rasit a wurinsa yana nufin ban yarda da baffan matata ba. Yana kuma nufin Sarkin Yanka zai gano cewa Alhaji, wanda a rubuce tsoho ne mai cin fansho, yana da gidajen haya shida.

Na gwada shi ni kaɗai a kan matakala. Na ce, "Baffa, wata 'yar takarda nake so ta haya."

Ya kama kunne ya ce, "Na'am? Kunnen nan ya matsa mini kwanan nan." Mutumin da yake jin ƙarar famfonmu daga hawa na uku in mun bar shi yana ɗiga.

Abu Rakan ne ya kawo shawara, kuma da ina da hankali da daga nan na gane. Ya ce, "A kai masa tawaga. Mu ajiye gahawarsa mu ƙi sha. Wane dattijo ne zai bar gahawarsa ta huce a gaban mutum goma sha biyu?"

Na ce, "Tawaga ai ta neman aure ce ko sulhun jini."

Ya ce, "Dinari ɗari uku da arba'in fa? Akwai jinin da bai kai haka ba."

Ranar Asabar bayan la'asar maza goma sha biyu suka hau hawa na uku cikin gogaggun riguna, Abu Rakan a gaba da alkyabbar aro, yana warin man aski. Alhaji ya tarbe mu da fara'a, aka zauna, aka zuba wa jagora gahawa a finjali. Abu Rakan ya karɓa ya ajiye a kan tebur bai kai baki ba. 

Alhaji ya ce, "Lafiya, Abu Rakan? Gahawarmu ba ta yi ba ne?"

"Gahawarku ta fi ƙarfin a raina ta, Alhaji. Buƙata ce ta kawo mu, ba za mu sha ba sai an biya mana ita."

"Ku faɗa, ko ɗaya daga cikin 'ya'yana ne."

"Ɗanka Abu Laith yana son takarda da hannunka a kan zamansa a gidan nan."

Alhaji ya dube ni, ya daɗe yana kallona, har na ji ina ma matakalar ta buɗe in shige. Sai ya yi murmushi ya ce, "Wannan ne kawai ya sa kuka wahalar da ƙafafunku? Ku sha gahawarku, abin da kuka zo nema kun samu." Abu Rakan ya ɗaga finjali ya shanye. Aka kawo takarda da alƙalami, Alhaji ya rubuta a tsanake, ya sa hannu, ya miƙe tsaye ya karanta da murya mai rawa:

"Ni Abu Galib na shaida cewa Abu Laith ɗana ne, gidan nan gidansa ne, kuma babu maganar kuɗi tsakanin uba da ɗansa."

Ɗakin ya kaure da kabbara. "Allah ya ƙara girma, Alhaji!" "Irinku sun ƙare!" Abu Rakan har da share hawaye da gefen alkyabbar mutane. Wani ya tura ni gaba, na tsinci kaina ina sumbatar goshin Alhaji ina godiya. An riga an sha gahawa, magana ta rufu, wanda ya sake buɗe ta shi ne marar kunya. Kuma tunda dattijo ya yi irin wannan karamci a gaban jama'a, ya zama dole in gayyace shi cin mansaf, shi da 'ya'yansa maza biyar.

Na kai wa Malama Maisun takardar ko za a iya ɗora ta a shafin. Ta karanta, ta cire tabarau, ta kifa kai a kan tebur, kafaɗunta suna rawa don dariya. Da ta samu numfashi ta ce, "Ɗora mana. Ka ga sai su san ko hayar ma ba ka biya."

Dinari goma sha ɗayan sun iso makon jiya, tare da saƙon godiya bisa gudummawar da nake bayarwa wajen gina ƙasa. Ina miƙa tawa godiyar ga Mai Girma. Kuɗin sun sayi rabin busasshen kindirmon da za a yi romo da shi, don haka gobe Juma'a duk wanda ya ce ya ci kuɗin gwamnati bai yi ƙarya ba, in dai ya tsaya a romo.

Jiya ɗaya ga wata, Alhaji ya sauko kamar kullum. Na yi ta maza na zaro takardarsa na ce, "Baffa, ai an rubuta babu maganar kuɗi tsakaninmu."

Kunnen ya ji sarai. Ya ce, "Wannan ai ta gwamnati ce, ɗana. Ni da kai tun yaushe muke aiki da takarda?" Ya miƙo hannu muka yi musabaha. "Haba, bar shi mana," in ji shi, yatsun suna rufewa. Har ya juya ya dawo ya ce a gaya wa 'yarsa Ummu Laith naman ya dahu sosai, haƙoransa ba kamar da ba.

Ragon yana ɗaure a baranda yanzu, yana cin shukar na'ana'ar Ummu Laith. Firji yana nan yadda yake. Gashin bakina ya tsira, bayana ne bai tsira ba, don tun a matakala ta arba'in wani abu ya ƙame mini a ƙugu. Da rana na lallaɓa wurin likitan da ke bakin titi, ya duba, ya rubuta magani. Ummu Laith ta riga ta ja mini kunne tun daga ƙofa, har gwangwanin alewar ta nuna mini. Mai karɓar kuɗi ya ce, "Ashirin da biyar da rasit, ashirin babu."

Na samu ragin dinari biyar. Kada wanda ya gaya mata. Ita ba ta karanta shafina na jaridar nan, gilashin taga take gogewa da shi.