Ranar da Gawa Ta Yi Wa Kanta Kuka

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka naɗe ni cikin likkafani ina da raina ba. Ko na so mantawa ma, matan garinmu ba za su bari ba. Har gobe idan na bi ta bakin famfo sai wata ta ɗaga murya, "Marigayiya, an fito?" Ni kuma in ce an fito, don na gaji da fushi.

Garinmu ɗan ƙauye ne a bayan Yako. A da muna da ƙungiya ta matan unguwa, ba ta gwamnati ba, ba kuma mai biyan wani. Mu ke share ɗan asibitin garin idan ciyawa ta kai taga, mu ke dama kunu mu kai gidan rasuwa, mu ke raka mai naƙuda idan mijinta yana can fadama wajen ban-ruwa. Duk Alhamis bayan azahar, da yake ranar ba Islamiyya, muke haɗuwa a gidan Iya Tabawa.

Iya Tabawa ita kaɗai ce mai wankan gawar mata a garin nan. Asalinsu mutanen can ne inda ruwan madatsar Tiga ya cinye, a hannun kakarta ta koyi aikin tun tana budurwa. Takan ce, "Wadda ta koya mini, yanzu kifi ne ke yawo a kan kabarinta." 'Ya'yanta duk sun riga ta gidan gaskiya, ita kaɗai ce a gidan sai kajinta. Tsufa ya kama ta, hannunta ya fara rawa, idan ta ɗauki moɗa sai rabin ruwan ya zube kafin ya kai baki. Kusan duk zama sai ta ce, "Ku 'yan nan, ku zo ku koya. Ranar da na kwanta, wa zai juya ni?" Mu kuma mu ce, "Allah ya ja kwana, Iya," mu koma hirar anko.

Ni ce na fara jin nauyin abin. (Ni dama haka nake, ko kaza aka yanka sai na kau da kai ina ba ta haƙuri.) Na yi ta bin matan ɗaya bayan ɗaya har suka yarda a fara darasi. Makon farko da matashin kai Iya ta gwada mana. Tana cikin yi ta ture shi gefe ta ce, "Wannan ba shi da gwiwa, ba shi da yatsu, ba shi da nauyi. Mutum nake so ya kwanta."

Lantana, ƙawata tun ta ƙuruciya, wadda bakinta ba ya hutawa, ita ta fara magana. "Iya, ni kam ina da goyo. An ce duk wadda ta kwanta a madadin gawa ita ce ta gaba."

Nan fa karatun sakandare ya motsa mini. Na gyara zama na ce wannan camfi ne, babu shi a addini, kowa da ranarsa a rubuce. Har da ɗan wa'azi na yi musu a kan tawakkali. Na rufe da cewa ni zan kwanta mako mai zuwa, in nuna musu ba komai. (Ina faɗa ina jin daɗin muryata, Allah ya yafe mini.)

Lantana ta ce, "To Malama, idan kin tafi a bar mini kwanukanki na tangaran."

Ranar ta zo, mata suka cika ɗakin, har da amaren unguwa da ba su taɓa ganin gawa ba, sun rakuɓe a bakin ƙofa. Iya ta shimfiɗa tabarma, ta ajiye daro da ruwan da ta kaɗa magarya a ciki, da wani ƙaramin kwano mai kafur. Ta dube ni ta ce, "Sharaɗi ɗaya, 'yar nan. Gawa ba ta motsi, ba ta magana, ba ta taya mai wanka." Na ce, "Iya, wannan ai mai sauƙi ne." Na kwanta da kayana, ta lulluɓe ni da zani daga ƙirji zuwa ƙafa, na rufe ido.

Ban taɓa jin hannu mai taushin na tsohuwar nan ba. Duk rawar da yake yi, da ta taɓa ni sai ya natsu. Ta ɗan danna cikina a hankali. Ta naɗe hannunta da ƙyalle, ta nuna musu yadda ake yin tsarki ta ƙarƙashin zani ba tare da an buɗe ba, tana cewa, "Mamaciya ma tana jin kunya." Ta yi mini alwala da ɗan jiƙaƙƙen hannu, ta karkatar da kaina gefe don kada ruwa ya shiga ciki. Ta fara da ɓarin dama, sannan hagu. Duk lokacin da za ta juya ni sai ta sunkuyo daidai kunnena ta ce, "Sannu, baiwar Allah. Sannu." Wata ta tambaye ta ko gawa tana ji. Ta ce, "Ban sani ba. Amma ni ban iya juya mutum ban ce masa sannu ba."

Tun daga nan abin ya daina yi mini kama da darasi.

Sai ta buɗe akwatinta na ƙarfe ta ciro farin yadi mai ƙamshin ajiya. Likkafaninta ne, na kanta, wanda ta saya da kuɗin kajinta ta adana shekara da shekaru. Ta ce ba ta da wani farin, da shi za a gwada. Suka ɗaga ni, suka naɗe, aka ɗaure wajen ƙafa, aka ɗaure tsakiya, aka ja yadin ya rufe fuskata aka ɗaure sama da kai. Duniya ta koma fari fat, ba abin da nake shaƙa sai kafur.

Daga waje na ji Lantana ta sauya murya irin ta zaman makoki. "Allah sarki, baiwar Allah. Ga kirki, ga zumunci. Miyarta ce dai ba ta taɓa jin gishiri ba, amma Allah ya yafe mata." Aka yi 'yar dariya, wata ta ce, "Amin."

Wannan amin ɗin ce ta karya ni. Na tuna ramuwar azumina da nake ta cewa sai sanyi ya shigo. Na tuna gwaggona ta Badafi da ke kwance tun bara ban je na duba ta ba. Na tuna autata Ummi, da ba ta yarda kowa ya taɓa mata kai sai ni, na ga ta zaune a tsakar gida da tsefaffen kai ba mai yi mata kitso. Na ga maigidana yana neman hularsa da safe ba wanda zai ce masa tana bayan ƙofa. Na danne, na ciji leɓe, na ce gawa ba ta magana. Ina! Ban san lokacin da na ɓarke ba.

"Wayyo ni! Wayyo 'ya'yana! Wa zai riƙe mini Ummi!"

Ku yi tunanin wannan ihun yana fitowa daga cikin naɗaɗɗen likkafani, a ɗaki mai duhu, a gaban matan da dama a tsorace suka zo. Amaren nan suka zuba a guje, aka yi ƙafa da daro, ruwa ya malale har tsakar gida. Wata ta fita ba mayafi, wata ta bar takalmi, wata ta faɗi a zaure ta gurɗe ƙafa. Maƙwabta suka ji kururuwa, suka shaƙi kafur, suka ga mata na fitowa daga gidan tsohuwa suna salati. Me kuke so su ɗauka? Kafin wani ya tsaya tambaya, labari ya kai gindin bishiyar da dattawa ke zama cewa Iya Tabawa ta cika.

Ni kuwa ina ciki ina ta mutsu-mutsu, kuma duk motsin da na yi ƙullin sai ya ƙara tamkewa. Iya ta samu ta kwance na saman kai, amma na tsakiya da na ƙafa sun fi ƙarfin yatsunta. Ta ce, "Ki natsu, 'yar nan, bari in nemo wuƙa." Lantana da ya kamata ta taimaka tana gefe a durƙushe, dariya ta hana ta numfashi. Ni kuma iska kawai nake nema. Na yunƙura na miƙe, hannuwa a ɗaure, ƙafafu a haɗe, na nufi ƙofa ina tsalle kamar buhun da aka sa wa rai.

Na faɗo tsakar gida daidai lokacin da masu ta'aziyya suka fara shigowa. Manyan mata ne, da carbinsu, uwar mijina a gaba. Suka ga gawa a tsaye, fuska jage-jage da hawaye da majina, tana tsalle tana nufo su. Ban taɓa sanin uwar mijina tana iya gudu ba sai ranar. Na yi tsalle ɗaya na ƙari don in ce musu ni ce, santsin ruwan magarya ya kwashe ni, na zube a caɓi da gefen ƙugu. Kaji suka watse.

Daga zaure na ji muryar Liman yana sallama, yana tambaya a hankali, "Wai wace ce Allah ya yi wa rasuwa?"

Iya ta fito da wuƙa a hannu ta ce, "Babu kowa, Malam. Darasi muke yi, gawar ce ta ƙi."

Maigidana yana cikin mazan da ke zaure, ya baro ban-ruwa da taɓo har gwiwa don ya taya haƙa kabari. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Da aka yanke ƙullin na fito, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Maman Ummi, idan kin gama, mu je gida." Muka ratsa garin nan yana gaba ina baya, ina warin kafur, kowane zaure da masu leƙe.

An yi dariya ta mako guda, daga nan abin ya daina zama na dariya. Mijin wadda ta gurɗe ƙafa ya ce matarsa ba ta ƙara zuwa. Sauran maza suka bi. Aka fara cewa ƙungiyarmu ta masu kiran mutuwa ce. Alhamis ta zagayo muka haɗu mu kaɗan, ta gaba daga ni sai Lantana, ta gaba ni kaɗai. Ciyawar asibiti ta kai taga ta wuce. Aka yi rasuwa a unguwar gabas, ba wanda ya dama kunu. Abin da muka ɗauki shekaru muna ginawa, ni na rushe shi da kuka ɗaya, ni ɗin da na yi musu wa'azin tawakkali.

Na wanke likkafanin, na sa bula, na shanya, amma tabon jar ƙasa bai fita duka ba. Na kai wa Iya ina ba ta haƙuri, na ce zan sayo mata sabo. Ta ce, "Bar shi. Ƙasar ce dai zai koma."

Da damina ta yi tsakiya Iya ta rasu, da hantsi, ba doguwar jinya. Akwai wata mai wanka a Kiru da aka yi niyyar ɗaukowa, amma ruwan da aka kwana ana yi ya cika rafi, ko babur ba ya ƙetarawa. Mata suka cika tsakar gida suna kallon juna, ba mai shiga ɗakin. Can uwar mijina, ita da kanta, ta ce, "A kira Marigayiya mana. Ai ita aka yi wa."

Na ce ban ga komai ba ranar, idona a rufe yake. Amma babu wata sai ni. Na kama hannun Lantana na ja ta muka shiga, tana zuba ruwa fuskarta a juye, wannan karon ba dariya. Na tsaya a kan tsohuwar nan ban san ta inda zan fara ba. Sai cikina ya tuna inda hannunta ya fara sauka. Wuyana ya tuna yadda ta karkatar da shi. Kafaɗata ta dama ta tuna ita aka fara juyawa. Haka na bi, gaɓa bayan gaɓa, duk abin da na manta sai na tambayi jikina. Da na zo juya ta, ba nauyi kamar ƙaramar yarinya, na ji bakina yana cewa, "Sannu, baiwar Allah. Sannu, Iya." Muka naɗe ta, tabon nan nawa ya zauna daidai ƙugunta.

Yanzu ni ce mai wankan garin, ni kaɗai. Ƙungiya ba ta dawo ba. Duk Alhamis ina shimfiɗa tabarma a ɗakina, in ajiye matashin kai, in aika a gaya wa mata. Na ce musu ba wadda za ta kwanta, matashi ya isa, ko da ba shi da gwiwa. Ba mai zuwa. Idan na matsa sai su ce, "Allah ya ja kwana," su koma hirar anko, kuma na san ma'anar wannan addu'ar, don da bakina na sha yin ta.

Abin da na koya dai shi ne, kada mace ta yi wa mutane wa'azin rashin tsoron mutuwa sai ta rama azuminta, ta duba gwaggonta, ta kuma gwada kwanciya shiru a cikin farin yadi ita kaɗai, ƙofa a rufe. Kwanan baya na kasa daurewa na ce wa Lantana, "Ke ko don ni ba za ki koya ba? Ranar da na kwanta, wa zai juya ni?" Ta daɗe tana kallon tabarma, idonta ya kawo ruwa. Sannan ta ja mayafinta ta miƙe.

"Ke kuma me kike nema?" ta ce. "Ai ke an riga an yi miki naki."