Abin Da Inna Ta Ɗebo A Randa

Ba zan taɓa mantawa da jajiberin sunan ɗana na fari ba, ko da tsufa zai sa in manta sunan yaron kansa. A ranar ne na tsaya a tsakar gidana da rana tsaka ina roƙon ƙasa ta tsage in shige, ita kuwa ta yi kunnen uwar shegu da ni.

Ni mutum ne mai kiwon kifin ado. E, a Yawuri, garin da ko ina ka juya kifi ne, ɗanye da banda da soyayye. Ina da akwatin gilashi a ɗakina cike da ruwa, da 'yan kifaye ja da rawaya suna kai da komo, ina ba su abinci safe da yamma, ina canja musu ruwa, ba kuma na cin ko ɗaya. Abokan aikina a makarantar da nake koyarwa a Yelwa sun daɗe da yanke mini hukunci. Kullum tambayarsu ɗaya ce: "Malam, yaushe za su isa shiga tukunya?" (Na daina ba su amsa, domin duk bayanin da na yi ƙara musu abin dariya yake yi.)

Ana nan sai wani abokina da ke aiki a Abuja zai yi tafiyar karatu, ya rasa wanda zai bar wa wata halitta da yake kiwo, ya tuna da mahaukacin da ya sani a Yawuri. Sunanta aksolotil. Ka ɗauki ƙadangare ka sa shi a ruwa, ka shafe shi da launin hoda, ka dasa masa wasu gasu kamar na zakara a gefen kai dama da hagu, ka ba shi 'yan yatsu irin na jariri, sannan ka ja masa baki daga kunne zuwa kunne. Dare da rana cikin murmushi yake. Matata Balki ta kalle shi sau ɗaya ta raɗa masa suna Ango, wai ba abin da ya iya sai ci da washe baki.

Ango ba ya da wahalar abinci, tana ce kawai, ni kuma ina haƙo masa a bakin lambu. Ba a haɗa shi da kifi, don haka akwatinsa daban. Matsalarsa guda ce, ba ya shiri da zafi ko kaɗan. Ruwansa sai mai sanyi, in ya ɗumama sai ya daina ci, daga nan sai abin da Allah ya yi. Dabarata ita ce in daskarar da ruwa a gorunan roba cikin firij, in riƙa jefa masa ɗaya bayan ɗaya. Haka muka ci gaba da zama lafiya har Balki ta haihu.

A al'ada haihuwar fari gidan iyaye ake zuwa a yi, kuma iyayen Balki a Wara suke. Da ƙyar da siɗin goshi aka shawo kan mahaifiyarta ta yarda a bar ta a Yelwa saboda kusa da asibiti, bisa sharaɗin ita da kanta za ta zo ta yi mata wankan jego. Don haka Inna ta iso da ƙullin kayanta da kanwarta da bandar kifi, ta karɓe ragamar gidan.

To, ni fa irin surukin nan ne na da, mai kunya har ta yi masa yawa. Tun da na auri Balki ban taɓa haɗa ido da Inna ba. In na gan ta sai in zube ƙasa, kai a sunkuye, in ce ina kwana, ta ce lafiya lau, in ce ya gajiya, ta ce babu gajiya, in miƙe in ɓace. Duk wata magana da ta wuce wannan ta bakin Balki take bi. Ɗakina kuwa Inna ba ta taɓa leƙawa ba, ballantana ta san akwai wani Ango a gidan.

Haihuwar ta faɗo a tsakiyar bazara, irin bazarar Yawuri da ko inuwa gumi take yi. Ana sauran 'yan kwanaki suna sai taransifomar unguwarmu ta ƙone. Firij ya zama kabad. Masu ƙanƙara a gari suka zama sarakai, kafin ka isa an saye. Na duba Ango na ga ya ƙi tana, gasun kansa sun lanƙwashe, yana ta shawagi a saman ruwa kamar wanda ya rasa inda zai sa kansa. Hankalina ya tashi ƙwarai, domin amana ce aka ba ni, kuma (a nan sai dai a yi mini uzuri) na riga na shaƙu da shi.

Sai basira ta zo mini. Mene ne yake sanyaya ruwa ba da wuta ba tun zamanin kaka da kakanni? Randa! Na garzaya kasuwa na sayo sabuwa, na wanke ta tas, na cika ta da ruwa ta kwana ta yi sanyi. Wuri mafi sanyi a gidanmu shi ne lungun da ke ƙarƙashin darbejiya, inda randar ruwan shanmu take. Nan na girke ta a kan jiƙaƙƙen yashi, na samo wani tsohon jan ƙyalle na jiƙa na naɗe ta da shi don ta ƙara riƙe sanyi. Da safe, lokacin Inna da Balki suna bayi wurin wanka, na lallaɓo da Ango a kwano na sake shi a ciki, na rufe da faifai, na ajiye gwangwanin tanarsa a gindin randar. Na ce a raina in Balki ta fito zan gaya mata ta gaya wa Inna. Balki ta fito, ta sha kunun kanwa, barci ya kwashe ta, ni kuma hidimar rago da goro ta kwashe ni.

Bayan azahar ina ɗakina daga ni sai singileti ina fifita, mata 'yan barka suka cika tsakar gida. An yi baƙi da yawa tun safe, ashe ruwan tsohuwar randa ya ƙare. Ta taga na hango Inna ta ɗauki moɗa, ta leƙa tsohuwar randa, ta girgiza kai, ta juya wajen sabuwar.

Na yi tsalle ɗaya sai ga ni a bakin ƙofa. Abin da ya kamata in yi a fili yake, in ɗaga murya in ce, "Inna, dakata!" Amma ta yaya? Ni da ban taɓa ɗaga mata ido ba, yau in daka mata tsawa a gaban mata? Na yi gyaran murya, ba ta ji ba. Na yi tari. Ta ɗage faifai. Da na ga ba sarki sai Allah, sai ƙafafuna suka yi abin da suka saba, na zube ƙasa na ce, "Inna, ina wuni?"

"Lahiya lau," in ji ta, ta tsoma moɗa.

"Ya... ya gajiya?"

"Babu gajiya," ta ɗago moɗa.

Ga Ango a ciki. Ya ɗora 'yan yatsunsa a bakin moɗar, ruwan sanyi ya dawo masa da kuzari, gasun kansa sun baje, yana kallon Inna da wannan murmushi nasa kamar sun daɗe da sanin juna.

Inna ta saki salati wanda na tabbata an ji shi a bakin ruwa. Maƙwabciyarmu Maman Istifanus ta ƙwala wa Yesu kira. Moɗa ta yi sama, mata suka watse, wata ta bar takalmi, wata ta suri ɗan da ba nata ba. Ango ya faɗo a kan jiƙaƙƙen yashi yana mutsu-mutsu. Ni kuma, maimakon in fara ba surukata haƙuri, sai na yi sufa a gaban matan unguwa, da singileti, na tallabe shi da hannu biyu ina cewa, "Sannu, sannu Ango, ba ka ji ciwo ba ko?" Na mayar da shi randa ina lallashi.

Da na waiwayo ne na ga abin da idanunsu suke gani. Tukunya a lungu, naɗe da jan ƙyalle, an rufe da faifai, ga gwangwanin abin hadaya a gindinta, a ciki ga wata halitta mai hannun mutum, ga kuma maigida yana kiranta da suna. Ko ni aka nuna wa wannan a gidan wani, ba sai an yi mini fassara ba.

"Ke Balki!" Inna ta kira. "Tashi ki haɗa kayanki. Ba ni barin jikana shi kwana gidan ga. Wara za a yi suna."

Balki ta fito da jariri a kafaɗa, ta ga randa, ta gan ni, ta gane komai, sai dariya ta ƙwace mata har tana riƙe ciki. "Inna, Ango ne hwa, dabba ce, abokinsa ya ba shi..."

"Kin gani ko? Har ke an rufe miki baki! Mine na dabba mai hannun ɗan Adam cikin tukunya? Ruwa anka haihe ni, ruwa ni girma, ban taɓa ganin wanga abu ba. Tsahi na!"

Nan na ji jikina ya yi sanyi fiye da ruwan randar. An sayi rago, an raba goro, 'yan uwana suna hanya daga Shanga. In Inna ta fita da Balki yau, gobe duk Yelwa za ta san dalili, kuma ban ga ranar da za a dawo mini da matata ba. Na zaro waya in nuna musu hotunan irinsa a gidajen mutane, waya ta ce ita ma tun jiya ba ta da rai.

Ba abin da ya rage sai baki. Na tsuguna a gaban Inna, na yi mata magana mafi tsawo a tarihin aurena. Na yi rantsuwa, na kawo zancen abokina, da zafi, da ƙanƙara, da taransifoma, ina yi ina in'ina, gumi na zuba. Na kwaso akwatin kifayena na dire a tsakar gida don ta ga ciwon nawa ya daɗe. Ƙarshe na ce bari in ba shi abinci a gabanta ta ga abin da yake ci, ba jini ba ne, ba kuma wani abu ba.

Na juye Ango a farin kwano, mata suka matso daga nesa-nesa. Na sako masa tana a gaban hancinsa. Ya tsaya yana murmushi. Can ya kai cafka da ƙarfi, ya kama ruwa. Tana ta bi ta gefensa tana tafiyarta. Ya juya, ya sake kai hari, wannan karon ya ciji ƙafarsa, ya wuntsila ya kwanta rigingine. Wata daga cikin matan ta yi ƙyaƙyat ta toshe baki.

Inna ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ɗaga kai ta ƙare wa gidan kallo, tun daga kwanon rufin da ya yi tsatsa, da ƙofar bayi da muke tokarewa da dutse, har ta sauke ido a kan singiletina mai huji a kafaɗa.

"Wanga da ko tana bai iya kamawa," in ji ta a hankali, "shi za ya kawo ma wani kuɗɗi? Kai, a'a. In da tsahi na, da an ga alama ga mai shi." Ta juya wajen Balki. "Mai da kayanki ɗaki. Mijinki ba matsahi ba na. Rashin aikin yi ad damuwatai."

Tsakar gida ta ɓarke da dariya, Maman Istifanus har da zama a ƙasa tana share hawaye. Ni kuwa wallahi ban taɓa jin zagi mai daɗin wannan ba. An wanke ni tas a gaban jama'a, da hujjar cewa na fi ƙarfin zargi saboda talauci, dodona kuma wawa ne. Na ce, "Na gode, Inna," da zuciya ɗaya na faɗa.

Washegari aka yi suna a Yelwa lafiya lau. Ango ya ƙarasa bazararsa a randa, amma a ɗakina, bisa umarnin Inna, wadda ta ƙi shan ruwan gidanmu sai na leda har ta koma. Labari kam ya riga ta isa Wara. Har yau in na je gaisuwa, tun daga tasha nake jin ana cewa ga mijin Balki mai dodo ya iso.

Abin da na koya shi ne, kunyar surukai abu ne mai kyau, ban kuma daina ba, har gobe a tsugune nake gaishe ta. Amma in ka ga surukarka ta nufi abin da kai kaɗai ka san yana ciki, ka ajiye gaisuwa ka buɗe baki ka yi ihu. Za ta yafe maka tsawar kafin la'asar, sunan da za a laƙaba maka in ka yi shiru kuwa har jikokinka sai sun amsa shi.